Kan yumɓu a gonar doya: yadda za mu kiyaye kufaifan Nok domin 'ya'yanmu

A shekara ta 1943, a wani wurin haƙar kuza da ake kira Tsauni, kusa da Jema'a, aka tono wani kan mutum da aka gina da yumɓu aka gasa. Akawun da yake lura da aikin ya ɗauke shi ya kai gida. Da ya rasa abin da zai yi da shi, sai ya kafa shi a gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumin tsaron gona. Kan ya yi shekara guda a wurin, rana ta duke shi, ruwa ya duke shi, kafin mai kula da ma'adinan ya gan shi, ya saya, ya kai Jos. A can ne wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin binciken kayan tarihi a Ingila, ya dube shi ya tuna da wani ƙaramin kai da aka tono tun 1928 a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham. Ya ga aikin iri ɗaya ne.

Fagg ya shiga bin wuraren haƙar kuza yana roƙon leburori da shugabanninsu su riƙa ajiye duk abin da suka tono. Kaya suka taru. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, kuma wannan kai na gonar doya ya zama ɗaya daga cikin kayan tarihin Najeriya da aka fi sani a duniya.

Ba mu ga laifin akawun nan ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke hannunsa. Amma mu yanzu an gaya mana, kuma irin waɗannan kaya har yau suna kwance a ƙarƙashin gonakin da yawancinmu muke nomawa. Wannan bayani domin manoma ne, da malaman makaranta, da masu unguwa, da dattawan ikkilisiya, da matasan da wani baƙo zai iya zuwa ya ce musu su yi masa haƙa ya biya su.

Su wane ne mutanen nan?

Ba su bar rubutu ba, saboda haka sunan da suke kiran kansu da harshen da suke yi sun tafi tare da su. Fagg ne ya laƙaba musu sunan Nok, gama al'adar masu bincike ce su kira tsohuwar al'umma da sunan wurin da aka fara samun kayanta. An sami irin kayan a kudancin Kaduna, da Filato, da Nasarawa, da Neja, da kewayen Abuja, har Katsina-Ala a jihar Binuwai. Ashe maganar ba ta mutanen Kwoi kaɗai ba ce. Mutanen Ham suna alfahari da sunan, kuma da gaskiyarsu, tun da ƙasarsu ce ta fara fito da shi. Amma masu bincike ba su ɗora gadon nan a kan kabila ɗaya ba. Tsakaninmu da mutanen akwai shekara fiye da 2,000, a cikin wannan tsawon lokaci kuwa jama'a da yawa sun zo sun zauna sun wuce. Wanda yake noma ƙasar a yau, shi aka bar wa ajiyar.

Sun fara zama a yankin wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, wato shekara 3,500 ke nan. Ginin siffofin yumɓu ya kankama wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, jim kaɗan bayan zamanin Sarki Sulemanu. Wajen shekara 500 kafin haihuwarsa, kusan lokacin da Yahudawa suke komawa gida daga Babila, mutanen nan suna narka tama suna fitar da ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono tanderun narka tama a shekarun 1960, kuma suna cikin mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma. Zuwa wajen lokacin haihuwar Almasihu, sai alamunsu suka dushe daga ƙasa.

Wanda ya taɓa ganin siffar Nok sau ɗaya zai gane ta ko a ina. Kai yakan fi jiki girma. Ido yana da kusurwa uku ko ya yi kamar rabin wata, da rami a tsakiyarsa. Hanci da baki da kunne su ma sukan kasance da rami. Cikin siffar holoƙo ne, gama an gina ta ne kamar yadda mata suke gina tukunya, ana ɗora yumɓu zobe bisa zobe. Sai kitso. Kitson da ke kan waɗannan siffofi, na maza da na mata, ko makitsiyar yau za ta tsaya ta duba: tukkaye, da doka, da zanen da aka raba daidai. Ga duwatsun ado a wuya da hannu da ƙugu. Akwai masu zama sun ɗora haɓa a kan gwiwa, akwai masu durƙuso, akwai dabbobi, akwai kuma siffofin marasa lafiya, mai kumburarriyar ƙafa ko mai karkataccen baki. Wanda ya gina mara lafiya da irin wannan kulawa, ya zauna da mara lafiya ya dube shi da kyau.

Abincinsu ba zai zama mana baƙo ba. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka yi aiki tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM, da jami'o'in Jos da Zariya. Sun kafa masauki a Janjala, a ƙaramar hukumar Kagarko. A cikin tokar da suka tace sun sami ƙonannen gero mai yawa, da wake, da ƙwallon atili. I, atilin nan da yara suke jiƙawa a ruwan ɗumi. A 2021 kuma masu bincike na Jami'ar Bristol a Ingila suka gwada tsingaron tukwanen Nok, suka sami alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe sauran abinci. Wannan ita ce shaida mafi tsufa ta ɗiban zuma a Afirka ta Yamma. Manoman gero ne, masu wake, masu shan zuma, kamar mu.

Ƙasa tana ba da labari, in ba a birkita ta ba

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna tsammani darajar kufai tana cikin siffar da aka ciro. Gaskiyar ita ce, yawancin ilimin yana cikin ƙasar da ke kewaye da siffar.

Ku dubi jujin da ke bayan gidanku. Tokar jiya tana sama, ta bara tana ƙasa da ita, ta zamanin kakanku tana can ƙasa sosai. Idan mutum ya yanka jujin a hankali daga sama zuwa ƙasa, zai iya faɗin lokacin da gidan ya fara amfani da kwanon roba, da lokacin da aka daina dafa abinci a tukunyar ƙasa. Amma in aka zuba masa diga da shebur aka juya, na sama ya koma ƙasa, labarin ya ɓace, ba kuwa mai iya mayar da shi. Haka kufai yake. Shi ya sa mai bincike yakan yi kwanaki a rami ɗaya da ɗan cokalin magini da buroshi, yana auna inda kowane tsingaro yake, yana rubutawa, yana ɗaukar hoto kafin ya ɗaga. Mai kallo zai ce ragwanci ne. Ba ragwanci ba ne. Tono irin wannan sau ɗaya ake yinsa, gama tonon kansa yana rushe wurin, abin da aka rubuta ne kaɗai yake saura.

Yaya aka san shekarun? Kowane abu mai rai, itace ne ko hatsi ko dabba, yana ɗauke da wani irin sinadari da yake samu daga iska. Sa'ad da ya mutu, sinadarin yakan fara raguwa a kan ma'auni sananne: rabinsa yakan tafi a cikin shekara 5,730. Idan aka kai ƙwayar ƙonannen gero ɗakin gwaji aka auna abin da ya rage, za a san kusan lokacin da aka girbe ta. To, in an sami ƙwayar geron a rami ɗaya da siffa, ba a taɓa birkita ramin ba, shekarun geron za su nuna shekarun da aka binne siffar. Mai haƙar sata ba ya ganin ƙwayar gero. Yakan watsar da ita tare da ƙasa. Siffar da ta fita ta wannan hanya kamar takarda ce da aka yage daga littafin rajista: ga suna, amma ba kwanan wata, ba sunan iyaye, ba gari.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya tsaya mana a rai. Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi, saboda haka ba a samun ƙasusuwan mutanen Nok. Amma masu bincike sun yi ta samun duwatsu da aka jera da gangan, da tukwane cikakku a gefe, wani lokaci da duwatsun wuya a jere kamar yadda suke a zare, ko da yake zaren ya ruɓe tun tuni. Sun fahimci cewa kaburbura ne. Kusa da irin waɗannan wurare ne sau da dama ake samun siffofin, a farfashe, an tara gutsattsarin an binne. Kusan ba a taɓa tono siffa cikakkiya ba, kuma alamu sun nuna mutanen da kansu suke fasa su kafin su binne. Wannan ya sa ake ganin siffofin suna da dangantaka da jana'iza da tunawa da matattu. Ma'anar wannan a gare mu a fili take. Saurayin da ya shiga daji da diga yana neman kan yumɓu, sau da yawa kabari yake tonewa bai sani ba. A cikinmu ba wanda zai yarda a yi wa makabartar ƙauyensu haka.

Masu haƙa da masu saye

Haƙar sata ta yi tsanani a tsakiyar shekarun 1990. Dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi, mutane suka bar gona suka koma haƙa, tuddai suka cika da ramuka. Kayan sukan bi ta Kwatano da Lome su ƙetare zuwa Turai da Amurka. Da masu binciken Frankfurt da NCMM suka zagaya yankin da suka yi aiki, sun tarar an riga an yi wa fiye da kashi 90 cikin 100 na kufaifan da aka sani haƙar sata.

Kada mu yi saurin zagin masu haƙar. Yawancinsu 'ya'yanmu ne, kuma talauci ne ya kai su: kuɗin makaranta, kuɗin taki, kuɗin asibiti. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne yake cewa a bar abu a ƙasa alhali ga mai saye a tsaye. Amma bari mu bi kuɗin mu ga inda ya tsaya. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa ta sayi siffofin Nok daga hannun wani dillali a Beljiyam, aka ruwaito cewa kuɗin ya kai faran miliyan 2.5. A watan Afrilu na 2000 aka baje su a babban gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Surutu ya tashi, gama doka ta hana fitar da irin kayan daga Najeriya, kuma a wannan shekarar Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, ta sa siffofin Nok a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ku lura, a duk wannan ciniki da gardama ba a ambaci ƙauyen da kayan suka fito ba, balle mutumin da ya shiga ramin. Shi an sallame shi tun ranar farko da abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya rage wa ƙauyen shi ne ramuka: saniya ta faɗa ta karye, ruwan sama ya bi ya zama kwazazzabo, gonar ta ƙi garma.

Wasu kayan suna dawowa. A 2013 Faransa ta mayar wa Najeriya siffofi 5 da jami'an kwastan suka kama. Abin murna ne, amma siffa ce kawai ta dawo. Ramin da ta fito, da tokarsa, da geronsa, ba sa dawowa.

Dokar da ta shafi wannan ita ce ta 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa NCMM. Ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Ta hana fitar da su waje ba izini. Ta hana tono domin neman su ba takardar izini. Ta kuma ce wanda ya tsinci irin kayan ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma a cikin kwana 7. Saboda haka baƙon da ya zo ya ce shi daga gwamnati yake, a tambaye shi takardarsa, a kai shi gaban mai gari, kada a yi maganar a bayan gida.

Wani zai ce, ai ko a hannun gwamnati ma kayan ba su tsira ba. Akwai gaskiya a ciki. A 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos sun kwashe kaya masu daraja, an kuma yi irin wannan a wasu gidajen tarihi daga baya. Ma'aikatan hukumar kaɗan ne, yankin kuwa yana da faɗi ƙwarai. Rashin tsaro ma ya ƙara dagula al'amarin. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutanen ƙauyen biyu da suka bi sawu domin ceto. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma daga nan aikin tono na wannan shiri ya tsaya. A ganina duk wannan ba hujjar sayarwa ba ce. Abin da ya nuna shi ne, ba wani mai gadi da zai zo daga Abuja ko daga Jamus. In kufan ƙauyenku zai tsira, mutanen ƙauyen ne za su tsirar da shi.

"Ba gumaka ba ne?"

Wannan tambaya takan taso a cikin ikkilisiya, kuma ba laifi ba ne a yi ta. Iyayenmu da suka karɓi bangaskiya sun rabu da tsafi da wahala mai yawa, wasu har danginsu sun ƙi su. Ba abin mamaki ba ne idan mutum ya tono fuskar yumɓu a gonarsa gabansa ya faɗi, ya ga gara ya farfasa ta ko ya jefa a rafi.

Amma mu bambanta abu biyu. Yi wa abu sujada daban, ajiye shi domin a koya daga gare shi daban. Ba wanda yake yi wa siffofin Nok yanka a yau. Masu su sun shuɗe shekara 2,000 da suka wuce, abin da suka gaskata kuma ya tafi tare da su. Abin da ya rage yumɓu ne da aikin hannu. A Isra'ila da Urdun da Masar ana tono kufaifan al'ummai masu bautar gumaka ana ajiye kayansu, kuma daga irin wannan tono ne masu nazarin Littafi Mai Tsarki suka ƙara fahimtar garuruwa da al'adun da aka ambata a ciki. Fastocinmu da suka je can sun shiga gidajen tarihin sun gani, ba su dawo da raunin bangaskiya ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajiye siffa a gidansa ba, ba a ce ya ajiye ba. Ba ma a gida ya kamata ta zauna ba. Abin da ake roƙo shi ne kada ya fasa, kada kuma ya sayar.

Idan garma ta tono wani abu

Alamun kufai ba su da wuyar ganewa. Tsingaro mai zane da yawa a wuri ɗaya, musamman a gindin dutse ko a kan tudu. Tsofaffin duwatsun niƙa. Gatarin aradu, wanda ba aradu ce ta jefo shi ba, gatarin dutse ne da mutanen dā suka wasa da hannu. Kashin tama, baƙi mai nauyi mai ƙuraje, wanda yake nuna an narka ƙarfe a wurin. Sai gutsuren yumɓu mai siffar yatsa, ko ido, ko kitso.

In kun ci karo da irin wannan, ku dakata da aiki a daidai wurin. Kada ku ƙara zurfi domin ganin ko akwai saura. Idan abin yana cikin ƙasa, ku mayar masa da ƙasa a hankali ku bar shi. Idan garma ta riga ta fito da shi, kada a wanke, kada a kankare, kada a manna gutsattsarin da gam, gama ƙurar da ke jikinsa ma ana gwada ta. A naɗe shi a tsumma mai tsabta a sa a inuwa, a kafa dutse ko turke a inda ya fito. Mai waya ya ɗauki hoto tun abin yana wurinsa, ya ajiye fartanya a gefe domin a ga girmansa. Amma kada a sa hoton a Facebook ko WhatsApp da sunan wurin, gama dillalai ma suna da waya. Daga nan sai a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya aika ga ƙaramar hukuma da gidan tarihi mafi kusa. NCMM tana da gidajen tarihi a Jos, da Kaduna, da ƙauyen Nok kansa. Duk abin da za a miƙa, a miƙa shi a gaban shaidu, a karɓi takarda mai sa hannu da kwanan wata, ƙauye ya riƙe kwafinta.

Manoma sukan ji tsoro cewa in sun faɗa za a ƙwace gonar. Wannan tsoro ne ya sa ake ɓoye abubuwa da yawa, shi ya sa ya kamata mai gona ya kasance a wurin duk wata magana da jami'ai, tare da mai gari. Noman fartanya na sama-sama ba shi ne babban mai ɓarna ba, an yi ɗaruruwan shekaru ana yinsa a kan kufaifan nan. Masu ɓarna su ne rami mai zurfi, da katafila, da haƙar ma'adinai, da ɗiban ƙasar bulo. Sau da yawa ya isa a yarda cewa wannan kusurwa ta gona ba za a yi mata zurfi ba, ba kuma za a yi gini a kanta ba.

Kufai ya zama aji

Tsaron wuri ba ya daɗewa idan mutane ba su ga amfaninsa ba. Amfanin da ke hannunmu yanzu, wanda ba ya jiran gwamnati ko baƙi masu yawon buɗe ido, shi ne koyarwa. Yaranmu suna haddace "al'adar Nok" domin jarrabawa, wasunsu kuwa a kan kufan Nok suke bi kullum zuwa makarantar ba su sani ba. Daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014 an baje kayan da masu binciken Frankfurt suka tono a wani gidan tarihi a Jamus, Turawa suka yi ta zuwa kallo, sa'an nan aka dawo da kayan Kaduna. Yaran Jamus sun gani. Yara nawa ne daga Jaba ko Kagarko ko Kachia aka kai su gani?

Malami ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Da rani, bayan an ƙone ciyawa ƙasa ta fito fili, zai iya neman izinin mai gari da mai gona ya kai aji ɗaya wurin da safe, inda hanya take da lafiya. Ƙa'ida ɗaya ce: a duba da ido, a zana a littafi, kada a ɗauka. Yara 40 in kowa ya sa tsingaro ɗaya a aljihu, a shekara biyar sun share wurin fiye da ɓarawo. A sa su kwatanta zanen tsingaron da na tukunyar da ke gidansu. A gayyaci tsohuwa mai ginin tukwane ta nuna musu yadda ake ɗora yumɓu zobe bisa zobe, su gwada gina kai mai holoƙo da kansu, su ga dalilin da ya sa ake huda ido da baki: ramukan suna barin zafi da tururi su fita lokacin gashi, don kada kan ya fashe. A gayyaci maƙeri ya riƙe kashin tama ya bayyana abin da yake. Yaron da ya yi yini yana fama da yumɓu kan ya ƙi tsayawa, ba zai ƙara cewa mutanen dā ba su da ilimi ba.

Tsofaffi ma suna da rabonsu a aikin. Su ne suka san tuddan da aka haƙa a shekarun 1990, da abin da ya fito, da inda ba a taɓa ba. Wannan sani yana tafiya da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar matasa za ta iya zama da su ta rubuta a littafi guda: sunan wurin, gonar wa, me aka gani, wace shekara. Littafin ya zauna a hannun mutum biyu ko uku da gari ya amince da su, gama a hannun da bai dace ba zai zama taswirar ɓarawo. Ramukan da aka bari a buɗe kuma a cike su da aikin gayya, bayan an sanar da jami'an gidan tarihi, domin wani lokaci sukan so su duba bangon ramin kafin a rufe.

Wasu ƙauyuka za su so su riƙe kayansu a gida, a ɗaki ɗaya na makaranta ko na fada. Burin yana da kyau, amma a yi shi tare da NCMM, a rubuta kowane abu a ɗauki hotonsa. Shawarata ita ce a bar tsingaro da duwatsun niƙa da kashin tama a ɗakin koyarwa, tun da ba su da kasuwa, siffofin kuwa a kai inda akwai tsaro a rataye hotunansu a bango. Ɗakin da aka san akwai kan Nok a ciki, da ƙofar langa-langa da kwaɗo ɗaya, gayyatar ɓarayi ne, yana kuma sa ran mai gadi cikin haɗari.

A taron gari na gaba, ko na zumuntar mata, ko na matasa, za a iya fara da tambayoyi kaɗan. A ina ne a ƙasarmu ake ganin tsingaro da kashin tama? Wa yake noma wurin, kuma an taɓa zama da shi a kan maganar? Idan baƙo ya zo gobe da kuɗi yana neman masu haƙa, wurin wa za a fara kai shi? Wane malami ne zai kai ajin farko a ranin bana?